Awon jinin Auta

Laraba, bayan isha'i.

Yau da safe na raka Auta asibiti. Shekararsa 26, ba ƙiba, ba sigari, kullum da yamma yana filin ƙwallo, amma awon hawan jini ya nuna 158 bisa 100. Likita ta sa ya huta, ta sake aunawa a hannu biyu, bai sauko ƙasa da 140 bisa 90 ba. Da na kira Umma, cewa ta yi, "Tunani ne. Ku tambaye shi me ke damunsa."

Na faɗa wa likitar haka. Ta ce damuwa tana da nata rabo, amma ba a sallamar matashi da wannan amsar kawai. Akwai jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka waɗanda ba sa jiran umarnin mutum. Su ne in ka firgita suke sa zuciya ta yi sauri, hanyoyin jini su tsuke, a saki sinadarin adirenalin. Har ƙoda suke taɓawa ta fitar da wani sinadari da ake kira renin, jiki ya riƙe gishiri da ruwa. A wasu mutane waɗannan jijiyoyi ba sa lafawa yadda ya kamata, musamman mai ƙarancin barci ko mai minsharin da numfashi ke yankewa. Ta tambaye shi ko ciwon kai da zufa da bugun zuciya sukan taso masa lokaci guda, domin akwai wani ƙari da kan fito a saman ƙoda ya jawo haka. Ya ce a'a. Na yi hamdala a raina.

Sai ta auna jinin a ƙafarsa, abin da ban taɓa gani ba. Ashe akan haifi yaro da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya a tsuke a wani wuri, jini ya hau a hannu, a ƙafa kuma ya yi ƙasa. Nasa lafiya lau. Saura jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, ita ma in ta ƙuntata ƙodar kan ɗauka jini ya yi kaɗan, ta yi ta ɗaga shi. Wannan sai an yi hoto.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne da ta ce in lissafo mata dangi. Baba, Allah ya jiƙansa, da maganin hawan jini muka taso muka gan shi. Gwaggo ɓarin jikinta ya shanye tun ba ta manyanta ba. Baffa kuwa wankin ƙoda ya yi ta yi har ya rasu. Duk na san waɗannan, amma yau ne na fara jin su a jere, kuma duk ɗaki ɗaya. Likitar ta tsaya a kan Baffa. Ta ce yawanci gadon hawan jini ƙwayoyin halitta ne da dama suke haɗuwa da irin cimar gida, amma akwai ciwon da ƙoda ke cika da ƙulli-ƙullin ruwa, wanda in uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne ya gada ko ya tsira, kuma sau da yawa hawan jini a ƙuruciya ne alamarsa ta farko. Auta ya dube ni ya ce, "Yaya, ke kin taɓa aunawa?" Kafin mu fito aka auna ni, nawa daidai.

Ta hana shi shan diclofenac, maganin ciwon jikin da yake sha bayan ƙwallo. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, kuma dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafin. Umma ba ta ji daɗin batun kanwa ba, amma miyar dare da rabin dunƙulen da ta saba ta yi.

Na tura wa 'ya'yan Baffa da na Gwaggo saƙo kowa ya je a auna shi. Yaya Babba ya ce shi garau yake ji. Auta ma ai garau yake ji. Zan kira shi da kaina gobe, bayan mun kai jini da fitsari an kuma ba mu ranar hoton ƙoda.