Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Tsohon Cadawa

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya yarda ya biya mini kuɗin karatun mastar, da sharaɗin ba zan sakar masa littafin lissafin magaza ba. Burina tun farko IFTIC ne a Yamai, makarantar da a lokacin ke horar da 'yan jarida da ma'aikatan sadarwa, amma in na tafi wa zai riƙe wa Kawu alƙalami? Sai na shiga wata makaranta mai zaman kanta a nan Maraɗi, mai karatun yamma. Da safe ina bakin sikeli ina rubuta buhunan aya da riɗi da wake, bayan la'asar in hau kabu-kabu sai aji. Ƙarshen 2019 ke nan.

Cikin darussanmu akwai na sadarwa tsakanin mutum da mutum da ta wurin aiki. Gaskiya da farko na raina shi. A ganina wanda ya tashi cikin alhazan kasuwar Maraɗi, ya ga yadda ake ciniki tun yana ɗan lakwal, ba ya buƙatar a koya masa magana.

Malamin da ke koyar da mu, wanda muke ce wa Mushe, dattijo ne marar hayaniya. A mako na uku ya ce a ture tebura gefe. Ya zaunar da ni a matsayin ma'aikacin biro, wata 'yar ajinmu ta zo a matsayin mai kawo kuka, ya kafa waya yana ɗaukar mu. Minti uku kacal. Da aka kunna hoton gaban aji na ga abin da ban taɓa sani game da kaina ba. Ko sau ɗaya ban bari ta kai aya ba. Tana buɗe baki na riga na shirya amsa, ina jiran ta ja numfashi in cusa tawa. Kuma amsoshin nawa masu kyau ne, da ladabi, sai dai duk amsar tambayar da ba ta yi ba ce.

Daga nan Mushe ya kawo mana ƙa'idar Carl Rogers, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka: kada ka ba da amsa sai ka maimaita wa mai magana abin da ya faɗa da naka kalmomin, har shi da bakinsa ya ce e, haka nake nufi. A ji kamar abu mai sauƙi. Gwada da wanda ransa ya ɓaci ka gani. Mun yi makonni muna wannan atisaye bibbiyu, kuma sau da yawa sai a zagaye na uku mai maganar ke yarda an fahimce shi.

Akwai inda muka yi gardama da takardun. An rubuta cewa mai sauraro ya dubi mai magana cikin ido. Wata matar aure ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in na kafe surukina da ido yau, gobe maganar tana gidanmu." Bai musa mata ba. Ya ce kowace al'umma da yadda take nuna cewa kunnenta na wurinka, mu namu durƙusawa ne da sunkuyar da kai da "na'am" da "haka ne". Ya ƙara da cewa Roman Jakobson, wani masanin harshe, a 1960, ya lissafa ayyuka shida da harshe ke yi, ɗaya daga ciki shi ne buɗe hanya tsakanin mutum biyu kafin saƙo ya wuce. Doguwar gaisuwarmu ke nan, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, wadda wasu 'yan biro ke gani ɓata lokaci ce. Na daɗe ban ji daɗin darasi kamar na ranar ba.

A lokacin kuwa magaza tana cikin wani hali. Tun watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, motocin da ke bi ta Ɗan Isa su shiga Jibiya su wuce kasuwar Dawanau a Kano duk suka tsaya. Kawu ya karɓi aya bashi da kaka, yana ganin yau za a buɗe, gobe za a buɗe. Buhuna suka taru har rufi, kuɗi babu.

Wata safiya cikin sanyin Disamba wani tsoho ya sauko daga wani ƙauye na wajen Cadawa, muna da buhunsa goma sha biyu a rubuce. Tun daga ƙofa yake faɗa, yaran magaza suka zame ɗaya bayan ɗaya. Bakina ya cika da bayanin iyaka da faɗuwar farashi, na haɗiye shi. Na fito daga bayan tebur, na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi har gida da gona, na aika aka kawo ruwa. Ya yi ta magana, ban katse shi ba.

Da ya tsagaita na ce, "Baba, in na ji da kyau, kuɗin ayarka kake so a ba ka yau."

Ya girgiza kai. "Yaro, ba ka ji ni ba."

Na ce ya yi haƙuri ya sake mini. Sai muryarsa ta sauka. Ashe buhu uku ne kawai nasa. Sauran na maƙwabta ne, har da na wata gwauruwa mai marayu, shi ya tattaro ya kawo don ya san Alhaji, wato Kawu, shekara da shekaru. Sau uku yana zuwa ana ce masa Alhaji ba ya nan, yana komawa hannu rabbana. Yanzu a masallacin garinsu in ya shigo sai hira ta mutu.

Na ce, "Baba, ke nan mutanen garinku sun fara zargin ka karɓi kuɗin ka ci, kuma abin da ya fi ci maka rai shi ne ba wanda ya fito daga wajenmu ya wanke ka."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce, "Yanzu ka ji." Ya goge idonsa da bakin rawani. Ni kaina sai da na juya baya.

Ko dala ban ba shi ba ranar, don babu. Abin da ya roƙa shi ne Alhaji da kansa, ko wani na jininsa, ya je garin ranar Juma'a ya faɗa gaban jama'a cewa kayan suna nan a magaza ba a sayar ba. Na yi masa alkawarin zan kai saƙon yadda ya ba ni, na raka shi tasha.

Sai da na dawo na tuna wanda zan kai wa. Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ke biya mini karatun nan, kuma shi ne ya ce wa yara su riƙa cewa ba ya nan. Ranar ban je aji ba. Bayan magariba na same shi a zaure yana lazimi, na cire takalmi na zauna daga bakin ƙofa ina jiran ya shafa.

Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.