Randar Inna da jikin Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gumel, kuma akwai darasi guda da ɗalibai ke fara hamma tun kafin in gama rubuta sunansa a allo: homiyostasis. Ban ga laifinsu ba. Kalmar ta yi wa baki nauyi. Wani masani Ba'amurke, Walter Cannon, ya ƙirƙiro ta a 1926, ya ɗora a kan tunanin Bafaranshe Claude Bernard, littafin karatu kuma ya taƙaita ta a layi biyu: yadda mai rai ke riƙe yanayin cikin jikinsa daidai ko da na waje ya sauya. Yara su haddace, su zuba a jarrabawa, shi ke nan. Ni ma haka na haddace ta. Sai a azumin 2024 na san abin da nake koyarwa.

Duk wanda ya yi wannan azumin bai manta da shi ba. A ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Mu ba mu kai nan ba, amma da azahar ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Wutar lantarki kuwa a bar zancenta. Firij ya koma ma'ajin kwanuka, gida ya koma wa randar Inna da ke gindin darbejiya.

Ruwan randa yana sanyi ne saboda randa tana gumi. Jikinta yumɓu ne mai ƙananan kafofi, ruwa na tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya tashi ya bi iska sai ya tafi da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a nan Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. To mu ma randa ne, sai dai muna tafiya da ƙafa. A fatar mutum akwai maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma lita guda ta gumi in ta bushe a jiki tana kwashe zafin da ya kai kilokalori 580. In ta bushe fa. Wanda ya ɗiga ƙasa asara ne. Shi ya sa ranar da hadari ya haɗu iska ta jiƙe ta fi takura mutum, ko da ma'auni ya nuna ba ta kai zafin Afrilu ba.

Bambancin shi ne randa ba ta san lokacin tsayawa ba. Jiki yana da mai awo a can ƙasan ƙwaƙwalwa, wani ɗan wuri da ake kira haifotalamos, wanda ba dare ba rana yana ɗanɗana zafin jinin da ke ratsa shi. In ya haura digiri 37, ya buɗe hanyoyin jini na fata, ya saki gumi. In ya sauka, ya tsuke su, ya sa tsoka ta kama rawar ɗari. Yaron da ke karkarwa a layin safe cikin hunturun Janairu, shi ne mai sharce goshi a Afrilu, kuma in ka sa masa ma'auni duk 37 za ka gani ko kusa da haka. Ƙadangare ba shi da wannan gatan, dole ya hau katanga ya sha hantsi kafin ya iya gudu.

Gumi kuwa da ruwa ake biyansa, mai azumi kuma ba shi da na ƙari sai magariba. A nan ƙoda ke shigowa. Tana tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, ta mayar da kusan duka, ta bar wajen lita ɗaya da rabi ya fita. In jini ya fara kauri, ƙwaƙwalwa ta aika mata da wani sinadari mai cewa ta ƙara riƙewa. Abin da mai azumi ke gani a banɗaki da la'asar ke nan, fitsari ɗan kaɗan mai duhu.

Duk lokacin da na zo nan sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya kawo zancen raƙumi, tunda ranar Alhamis suna ganin su a kasuwar Maigatari. Wai ruwa yake tarawa a tozo. Kitse ne a tozo. Dabararsa ta fi haka ban mamaki. Wani masani, Knut Schmidt-Nielsen, ya auna raƙuma a Saharar Aljeriya a shekarun 1950, ya tarar cewa raƙumin da ke cikin ƙishi yana wayar gari da zafin jiki wajen digiri 34, ya bar shi ya yi ta hawa har kusan 41 da yamma, maimakon ya ɓarnatar da ruwa a gumi. Da dare sai sanyin hamada ya zuƙe zafin kyauta. Bashi yake ci da rana ya biya da dare. Mutum in ya haura 40 yana cikin haɗari.

Amma ba zafi ne ya koya mini darasin ba. Suga ne.

Jinin babban mutum wajen lita biyar ne, sugan da ke yawo a ciki kuma bai wuce giram 4 ba, cikin cokalin shayi guda. Da wannan ɗan abin ƙwaƙwalwa ke aiki. Ka sha kunu da ƙosai, wata gaɓa da ke bayan tumbi, fankiriyas, ta saki insulin ya kwashe rarar ya kai hanta da tsoka ajiya. Ka wuni ba ka ci ba, ta rage insulin, ta saki abokin burminsa glukagon, hanta ta riƙa fito da ajiyar kaɗan-kaɗan. Mai lafiya yana azumi tun asuba har faɗuwar rana, bai ma san ana wannan cinikin a cikinsa ba.

Baba yana da ciwon suga shekara takwas. Ƙwayar da yake sha irin mai matsa wa fankiriyas ce ta fitar da insulin, ko an ci ko ba a ci ba. Ita ba ta awo, turawa kawai ta sani. Kafin azumi likita ya ce mana in na'urar gwada suga ta nuna ƙasa da 70, a sha ruwa nan take, ko saura minti goma a kira salla. Baba ya gyaɗa kai a asibiti, muna fitowa ya ce, "Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ba."

Ranar ashirin da ɗaya ga wata, bayan la'asar, na same shi a zaure jingine da bango, carbi ya zame masa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da farko na ɗauka zafi ne, sai da na taɓa goshinsa na ji sanyi ƙalau, hannunsa na rawa. Wannan ba gumin randa ba ne, gumin ƙararrawa ne, jiki na neman agaji. Na tsaga yatsarsa na ɗiga a na'ura: 54.

"Baba, ku daure ku sha wani abu."

"Saura nawa a sha ruwa?"

"Awa biyu. Ba za ku kai ba."

Ya dube ni kamar bai gane ni ba, ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ina firamare. A nan cikina ya ɗuri ruwa. Inna ba ta tsaya jayayya ba. Ta ɗebo ruwan randa a moɗa, ta zuba suga cokali uku, ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam, Allah da Ya wajabta shi, Shi Ya yi wa mara lafiya rangwame. Sha." Ya sha.

Bayan kwata na awa na sake gwadawa, 88. Rawar hannun ta tsaya, ya kira ni da sunana, ya nemi hularsa. Ya daɗe shiru yana kallon moɗar, sannan ya tambaye ni wai yanzu shi jikinsa ba ya iya lissafin kansa ke nan. Na ce yana yi, ƙwayar ce ke shiga masa lissafi, kuma gobe za mu koma a duba ta. Washegari likita ya sauya maganin, ya kuma ce a haƙura da sauran kwanakin. Baba ya rama su a watan Disamba, lokacin da rana ta gajarta, yana gwada jini sau uku a wuni, ni ina rubuta lambobin a bayan wata tsohuwar rajistar aji.

Wannan rajistar nake shiga da ita aji yanzu duk ranar darasin, tare da ƙaramin tulu da na saya a kasuwa. Ina cika shi da ruwa, in ajiye a bakin taga, in ce kowa ya zo ya taɓa jikinsa kafin in rubuta komai a allo.