Ranar da kalmar "toll" ta ba ni kunya a Kambodiya

Ajin yamma nake koyar da Turanci a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ɗalibaina yawanci direbobin tuk-tuk ne, wato irin adaidaita sahu, da ma'aikatan otal. Rannan na rubuta toll a allo, na ce ma'anarta biyu: kaɗa ƙararrawa, da kuɗin da ake biya kafin a bi hanya. Suka kwafa, na ga kamar an gama.

Washegari wata ɗaliba ta kawo aikin gida, ta rubuta cewa ranar auren yayarta ƙararrawa ta yi toll. Laifina ne. Ban gaya musu irin kaɗin ba. Toll bugu ne ɗaiɗai, a hankali, wanda Turawa suka fi yi a coci idan an yi rasuwa. Na biki peal ne, na agogo chime, na makaranta ring kawai. Da na yi mata bayani sai ta rufe baki da hannu tana dariya, ta ce, "Lok kru, ashe na kashe amarya!" Lok kru shi ne malam a bakinsu.

Sai matsalar kunne. Masu jin Khmer, yaren ƙasar, ba su saba haɗa baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma ba, don haka told takan fito musu tol, ga tall ita ma tana leƙe. Don su ji irin bugun toll da kunnensu, na ɗauko cokali da kofin shayi, na ƙwanƙwasa sau ɗaya, na yi shiru, na sake. Wannan ya fi bayanin rabin awa amfani.

Ɓangaren kuɗi kuwa direbobin ne suka cece ni. Babbar hanyar Phnom Penh zuwa Sihanoukville, wadda aka buɗe a 2022, kowa ya san sai an biya a ƙofa, gwargwadon nisan tafiya da girman mota. To wannan shi ne toll. Wani dattijo a bayan aji ya tambayi abin da ake biya a jirgin fito na Neak Loeung, kafin a buɗe gada a kan kogin Mekong a 2015. Na ce wannan fare ne, kamar kuɗin tuk-tuk ɗinsa, tunda ɗaukarka aka yi. Kuɗin shiga Angkor Wat, tsohon wurin ibadar da baƙi ke ziyarta, shi kuma fee. Ni kaina sai a lokacin na lura a Hausa kuɗin mota daban, kuɗin fito daban, ba mu taɓa rikita su ba.

Daga baya na bincika, ashe ma kalmomi biyu ne da suka yi kama: ta kuɗi daga Latin ta zo, ta ƙararrawa kuma ana jin daga wata tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin ja, kamar jan igiyar ƙararrawa. Yanzu raba su nake yi, kowace da makonta. Death toll, wato adadin waɗanda suka mutu, har yau ban kai musu ita ba.