Littafin da ya zo ba mai shi

Ranar da na je gaban malamin da zai duba kundina na kammala digiri, na ce masa ina so in yi nazarin ƙagaggun labaran Hausa na intanet. Ya tambaye ni marubuta nawa na sani. Na shiga jero masa da ƙarfin gwiwa. Sai da ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Malama, ai sunayen littattafai kika kawo mini. Ina masu su?" Na yi tsuru-tsuru. A lokacin akwai labarai sun fi arba'in a wayata, duk turo mini aka yi a WhatsApp, na karance su tas, amma ko goma ban san waɗanda suka rubuta ba.

Ba haka na taso na gani a gidanmu ba. Yayyena da suna suke aike wurin mai hayar littattafai: je ki karɓo na Bilkisu Funtuwa, in babu ki duba na Balaraba Ramat ko na Ado Gidan Dabino. Littafin yakan sha hannu har bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, amma kowa ya san na wane ne.

A intanet kuwa labari ne ke riga mai shi isowa, wani lokaci ma ya baro ta a hanya. Marubuciya takan saki shafi ɗaya ko biyu kullum. A saman kowane shafi akwai sunanta, da ƙungiyar marubutan da take ciki, da sadaukarwa, da jinjina ga masoya. Shafukan farko kyauta ne. In labari ya ɗau zafi sai ta ce mai son ci gaba ya biya. Daga nan wata da ta biya za ta tattara shafukan wuri guda, ta datse saman da ke ɗauke da suna da lambar asusu, ta watsa. Kafin mako ya zagayo wani ya ɗauka yana karantawa a YouTube, ya sauya masa suna don ya fi jan hankali. Irin waɗannan ragowar ne suka cika mini waya, ni kuma ina ta murna na samu banza.

Dabarar da na koya ba ta da wuya, haƙuri kawai take ci. Sai in ɗauko jimla guda daga tsakiyar labari, wadda ba kowa zai rubuta irinta ba, in nema a Google da Facebook, in bi sawu har inda aka fara sakinsa. Sau da yawa Wattpad, manhajar da marubuta ke sakin labaransu a kai, ita ce ke fitar da ni. Haka na gano wadda ta rubuta labarin da ya fi kwanta mini, mai amfani da irin laƙabin nan na Maman wane. Na yi mata sallama ta saƙo, na ce, "Anti, don Allah ke ce mai littafi kaza?" Ta amsa bayan kwana biyu. Ta ce da babban yatsa ta buga shi a waya, bayan Isha in yara sun yi barci, wata huɗu cur. Naira 300 ta sa masa. Da ta tambaye ni inda na samu, kunya ta rufe ni. Na tura mata kuɗinta, ta yi dariya ta ce na zo da biyan bashi bayan an raba gado.

Tambaya guda na yi mata wadda ta fi duk binciken da na yi amfani: "Ke wa kike karantawa?" Ta ba ni sunaye uku da ban taɓa ji ba. Ɗaya daga cikinsu 'yar Maraɗi ce, Hausarta da ɗanɗanon da babu a tamu. Kowacce na samu sai in maimaita tambayar, ta miƙa ni gaba.

Da can adadin masu karatu nake dubawa. Sai daga baya na lura Wattpad babi-babi take ƙirgawa ta tara, don haka labari mai shafi ɗari da aka ja kamar ƙaro zai danne gajere mai ma'ana a lissafi. Yawan jama'a a bakin rumfa ba shi ne daɗin tsire ba.

Gasa ma ta taimaka mini, musamman Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, saboda a can labari da sunan mai shi tare suke fitowa. Malam ya tuna mini cewa tsohuwar hanya ce: gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ce ta fito da Abubakar Imam.

Sai kuma ajiya. Wata marubuciyar da na dogara da ita a babi na uku na kundina ta goge shafinta bayan ta yi aure, ba sallama. Manhaja ma rufewa take yi, kamar yadda OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai, ta yi a 2023. Dole na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ina shigar da sunan marubuciya, da inda na same ta, da ranar.

Shekaranjiya ƙanwata ta turo mini wani sabo, ta ce, "Yaya, wannan sai kin yi kuka." Na ce na wace ce? Ta ce oho, ita dai a rukunin 'yan ajinsu ta gani. Na buɗe shafi na ashirin, na fara neman jimla.