Abin da na tarar a jakar ƙanena

Alhamis, da dare.

Barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Da safe ina lalube jakar makarantar ƙanena don in ari biro, sai hannuna ya taɓa ƙarfe a ƙarƙashin littattafai. Ɓarin almakashi ne, an wasa bakinsa, an naɗe mariƙin da tsumma. Yaron shekararsa 14. Na zare na ɓoye, na wuni a wurin aiki gabana na faɗuwa.

Da yamma na kira shi ɗaki na ajiye masa abin a gabansa. Ya daɗe yana murza maɓallin rigarsa kafin ya ce, "Yaya, wallahi ba ni na wasa shi ba, ba ni aka yi."

Ashe wata uku ke nan wasu 'yan ajin gaba suna ƙwace masa kuɗin tara. Ranar da bai zo da komai ba, a bayan ajujuwa suke sa shi durƙuso. Ya taɓa kai ƙara, aka hukunta su a gaban kowa, ana tashi suka tare shi a hanya. Daga nan ya kama bakinsa. Samarin da ke zama a kwanar layinmu ne suka ga idonsa a kumbure, suka ce ya nuna musu yaran. Su ma waɗancan suna da nasu manyan. Faɗan da aka yi makon jiya har aka fasa wa wani kai, wanda na ji ana cewa rikicin 'yan daba ne, ashe daga kuɗin tarar ƙanena ya taso.

Na san ba shi kaɗai ba ne. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zalin 'yan uwansa ɗalibai a cikin wata guda. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, ya bi diddigin yara maza masu cin zali, ya gano kusan kashi 60 cikin 100 kotu ta kama su da laifi kafin su wuce shekara 24. Amma ni yau wanda ake zalunta ne ya tsaya mini a rai. Malami ikonsa ya ƙare a bakin ƙofar makaranta, mu kuma a gida ba mu lura ba, sai ya tafi inda aka saurare shi. Kuma irin wannan kariyar bashi ce, wata rana za su ce shi ma ya fito.

Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya ce, "Cewa za ka yi ni rago ne." Ban iya musa masa ba, don na taɓa faɗa.

Gobe ni da Baba za mu je wurin shugaban makarantar, kuma zan roƙa a kira iyayen yaran. Samarin kwanar layi kuwa har yanzu ina juya yadda zan tunkare su. Almakashin yana cikin akwatina, na kulle.