Binciken takardu da tarihin tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska kafin a saya

Aikin ɗan kamfaninmu shi ne mu bincika wa mai saye tsohon jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai tafiya da iska, kafin ya saki kuɗinsa. Akasarin waɗanda ke zuwa hannunmu masu rajistar Birtaniya ne, sai 'yan kaɗan na Amurka. Mai saye yakan ƙagu a tayar masa da inji a baza masa ƙyallen iska, amma mu da takardu muke farawa, domin a harkar jirgin ruwa bashi jirgin yake bi duk hannun da ya koma. Idan mai shi na da ya jinginar da shi ga banki bai gama biya ba, a hannun sabon mai shi za a zo a ƙwace shi.

Farkon abin dubawa lambar gangar jiki, wadda ake bugawa a bayan jirgi ta gefen dama, daga sama. Amurka ta wajabta ta tun 1972, haruffa da alƙaluma 12 ce. Ta Turai 14 ce, saboda ana fara ta da haruffa biyu na ƙasar da aka ƙera jirgin, kamar GB ko FR. Uku na gaba na kamfanin da ya ƙera ne, biyar lambar jirgin kansa, huɗun ƙarshe kuma su ke faɗin shekaru. Idan ta ƙare da K506, a watan Nuwamba na 2005 aka ƙera shi, samfurin 2006 ne, tunda A Janairu ce, L kuma Disamba. Mukan ɗora farar takarda mu goga fensir a kai, mu shafa wurin da yatsa, sannan mu leƙa bayansa ta ciki da tocila. Fenti da ya bambanta da na kewaye, harafi ɗaya da ya fi sauran zurfi, ko sabon facin faiba (abin da ake ƙera gangar jikin da shi) ta ciki, duk alamu ne an taɓa lambar. Lambar inji ma sai ta yi daidai da ta takardu.

A kan rajistar Birtaniya aka fi yaudarar mutane, wani lokaci ma ba da gangan ba. Ofishinta yana Cardiff, kuma kashi-kashi ce. Wadda ake kira Part I ita ce mai tabbatar da mallaka, a cikinta kuma ake rubuta jingina. Wadda ake kira SSR, ta jiragen da ba su kai mita 24 ba, tutar ƙasa kawai take bai wa jirgi don ya fita waje. Ba ta shaida mallaka, ba a rubuta bashi a cikinta. Mai sayarwa ya miƙo takardar SSR da sunansa a jiki, mai saye ya ji hankalinsa ya kwanta, alhali bai ga komai ba tukuna. Idan jirgi na Part I ne, mu da kanmu muke neman kwafin rajistar daga ofishin, ba ma karɓa daga hannun mai sayarwa, kuma muna sake nema ranar biyan kuɗi. A Amurka, jirgin da ke da rajistar hukumar tsaron gaɓar teku yana da irin wannan takarda mai jero cinikayya da jingina da ƙorafin bashi da aka shigar a kansa.

Inda babu wannan, sai a bi takardun ciniki hannu bayan hannu, aƙalla na shekara biyar baya, in da hali har zuwa takardar maƙeri. Sunan mai saye a wannan takarda dole ya zama shi ne mai sayarwa a ta gaba. A tsarin Birtaniya jirgi kashi 64 ne, don haka takarda ta nuna duka 64 aka sayar. Idan miji da mata ne masu shi, kowa ya sa hannu. Idan gado ne, a ga takardar kotu da ta ba wa mai sayarwa iko.

Harajin VAT kashi 20 cikin ɗari ne a Birtaniya, ba ƙaramin kuɗi ba ne a kan jirgi. Muna neman rasit na asali da ya nuna an biya, da kuma shaidar inda jirgin yake daren 31 ga Disamba 2020, lokacin da Birtaniya ta gama ficewa daga tsarin Tarayyar Turai, don a kan wannan matsayin harajinsa ya rataya. Rasit ɗin tashar da aka ɗaure shi a wannan wata yakan wadatar.

Hatsarin da jirgi ya taɓa yi kuwa babu ofishi ɗaya da ke tara labarinsa. Guguwar Irma ta 2017 ta ragargaza jiragen haya masu yawa a tsibiran Karebiyan, an gyara wasu an mayar da su kasuwa. Saboda haka muna tambaya a rubuce ko an taɓa karɓar diyyar inshora a kansa, ko ya taɓa dukan ƙasa. Amsar ba ta hana a ɗaga shi daga ruwa. Ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙarƙashinsa, wanda ke hana shi kifewa, idan ya daki dutse yakan bar tsaga a mahaɗarsa da gangar jiki ta gaba, ta baya kuma ya tura jikin sama. Sai an ɗage katakan daɓen ciki an duba notika da haƙarƙarin faiba da ke riƙe da su: tsatsa mai zirara, tsaga, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak. Ba ma sassauci a nan. A 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa wannan ƙarfe a tekun Atlantika, mutum huɗu suka rasu, bincike kuma ya nuna ya sha dukan ƙasa kafin nan. Wayoyin ƙarfe masu riƙe da sandar ƙyalle su ma a nemi rasit ɗin canjinsu, don kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda da waɗanda suka haura shekara goma.

Kafin alƙalami yawanci kashi 10 cikin ɗari ne, kuma a asusun amana na dillali ake ajiye shi, da sharaɗin a mayar idan bincike ya fito da babban aibi. Idan akwai ragowar bashin banki, daga kuɗin cinikin ake biyan bankin kai tsaye, ya ba da takardar sakin jingina, sannan mai sayarwa ya karɓi saura. Tashar da jirgin ke ɗaure ita ma ta rubuta cewa ba ta bin sa ko sisi, in ba haka ba tana iya hana shi fita. Wanda kuma zai canza masa tuta, misali ya kawo shi Legas ya yi masa rajista a NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ya sa a yarjejeniya cewa mai sayarwa zai kawo takardar soke tsohuwar rajista, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai ta iso.