Allura lamba 12

Yau da hantsi keken ɗinki ya ƙi ni. Bargon jariri nake haɗawa da yadin batik da na sayo a Kantin Kwari, ninki uku da auduga a tsakiya, sai ɗinkin ya riƙa tsallake, zare yana tsinkewa. Na kira dattijon da ke gyaran keke a layinmu. Ko sukurdireba bai ɗauka ba. Ya ɗaga yadin ya duba a hasken taga, ya nuna min ramukan da allura ta bari a jere, kamar an bi da ƙusa. Ya ce, "'Yata, lamba 16 kika sa wa wannan? Ai ta wandon jins ce. Batik saƙarsa a matse take, ga ragowar kakin da aka yi zanen da shi, sai allura siririya mai tsini." Ya sa sabuwa lamba 12, ya zare zarena mai kauri, ya sa na auduga lamba 50 sama da ƙasa, ya ɗan ƙara tsawon ɗinkin.

Wallahi har ƙarar keken sai da ta canja, bugun nan na ɗaf-ɗaf ya ɗauke. Na ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri." Tsofaffin ramukan na yayyafa musu ruwa na goge, wasu sun rufe, wasu suna nan a gefen shuɗin fure, kuma raina bai so ba, don kyautar suna ce. Shekara shida ina kan keken nan, sai allura ta karye nake canja ta. Ban taɓa tambayar lambarta ba sai yau.